Masallacin Birni ya faɗi: wa ke riƙe tsohon gini a tsaye?

 Yau ba sanarwar biki ko ta rasuwa muka kawo ba. Tarihi za mu ɗan taɓa, amma tarihin da ya shafi bangon da muke jingina da shi kullum idan an idar da salla.

Babu wanda ya manta daminar 2024. Alƙaluman gwamnati sun nuna kusan mutum 400 ne suka rasu a Nijar sanadin ruwa, sama da miliyan 1 da rabi suka shiga halin ƙaƙa-ni-ka-yi, har sai da aka ɗaga komawa lakwal zuwa 28 ga Oktoba. A cikin wannan damina ne, ranar Talata 3 ga Satumba, tsohon masallacin unguwar Birni a Damagaram ya faɗi. Yawancinmu a waya muka gani, hotuna na yawo a WhatsApp, ga tarin ƙasa a wurin da kakanni suka yi sahu. An ce a duk Nijar, in ka cire na Agadas, babu masallacin da baƙi ke zuwa kallo kamarsa. Muka yi salati, muka ce ƙaddara, muka wuce. To ƙaddara gaskiya ce. Amma akwai tambayar da ya kamata mu yi wa kanmu: in dai ruwa ne ke narkar da ƙasa, yaya aka yi wannan gini ya sha damina wajen 170 bai faɗi ba sai a hannunmu?

Bari mu fara da garin da ya gina shi. Gidan sarautar Damagaram ya faro ne a ƙarni na 18, daga wani malami da ya fito ta wajen Barno, Malam Yunus, kuma sarakunan farko ƙarƙashin Barno suke. A farkon ƙarni na 19 Sarki Sulaiman ya zaunar da sarautar a Zindar. 'Ya'yansa biyu, Ibrahim da Tanimu, suka yi ta karɓe-karɓen gadon sarauta, har Tanimu ya zauna daram daga wajen 1851 zuwa 1884. A zamaninsa Damagaram ta kai ganiyarta. Aka zagaye Birni da ganuwa, aka ƙera igwa a cikin garin. Ayarin raƙuma na sauka a Zango da kayan Tarabulus ta hanyar Agadas, su koma da fatu da gashin jimina, har da bayi. Wannan na ƙarshe ba ya da daɗin ji, amma gaskiya ne, ba za mu ɓoye shi ba. Bajamushen nan matafiyi Heinrich Barth, wanda a ƙasar Hausa aka sani da Abdulkarim, ya sauka Zindar a ƙarshen 1852, daidai lokacin da garin ke tashe.

Masallacin da ya faɗi ginin wancan zamani ne, tsakiyar ƙarni na 19. Yana tsaye Faransawa suka ci Damagaram a 1899. Yana tsaye Zindar ta zama babban birnin Nijar a 1911, yana tsaye aka ɗauke hedikwata zuwa Yamai a 1926, yana tsaye aka samu 'yancin kai a 1960. Fari ya zo ya wuce, ambaliya ta zo ta wuce.

Yanzu kuma mu duba yadda magina ke yin irin wannan gini, domin a nan amsar take. Yaranmu da yawa sun tashi ba su san komai ba sai bulo da siminti da tol.

Da farko ƙasa. Ba kowace ƙasa ba ce ta gini. Ana haƙo jar ƙasa mai danƙo, a jiƙa, a zuba ciyawa, a tattake da ƙafa, a bar ta ta kwana ta tsima, a sake tattakewa. Daga nan a murza tubali da hannu, mai gindi faffaɗa da kai tsiriri, a shanya a rana. Wajen ɗora bango ana jera tubalin ne a tsaye, ana cike tsakaninsu da kwaɓi. Bangon yana da kauri sosai a ƙasa, yana sirancewa yana hawa. Shi ya sa ka shiga tsohon soro da zafin Afrilu ka ji sanyi kamar an kunna maka wani abu.

Sai rufi, wanda shi ne gwanintar. Katakon da ake amfani da shi azara ce, wato giginya da aka tsaga, saboda ƙarfinta da kuma yadda gara ba ta cika samun ta da sauƙi ba. Amma azara ɗaya, in za a ɗora mata nauyin ƙasa, ba ta ketare fili mai yawa, wajen mita 2 ne. To yaya za ka rufe ɗakin da sahu goma za su tsaya ciki? A nan maginan Hausa suka fito da bakan gizo. Ana fito da azara daga cikin bango ko ginshiƙi, hawa-hawa, kowace tana ɗan zarce ta ƙasanta tana karkata, ana ɗaure su da igiya, har na wannan gefe su haɗu da na wancan a sama. Sai a lulluɓe su da ƙasa, su fito kamar baka. In bakuna suka gitta juna a tsakiya, shi ne ɗaurin guga. A kansu ake shimfiɗa gajerun azara da zana, a zuba ƙasa, a fitar da tulluwa, wato rufin nan mai tudu da ruwa ba ya kwanciya a kansa.

Na ƙarshe, rigar gini. Akwai makuba, da ake samu daga ɓawon ɗorawa, ana yaɓe bango da ita. Akwai laso, da ake haɗawa da katsin da ke kwanciya a gindin karofi, da gashin majema, da dafara, wanda ake shafe rufi da shi ruwa ya zame. Akwai indararo mai tsawo da ke jefa ruwa nesa da gindin bango. Su ma zankwayen nan da muke ganin ado ne kawai, suna danne kusurwar gini, kuma magini na ɗaura igiya a jikinsu in zai yi yaɓe.

Kun ga duk abin da muka lissafa, babu wanda ake yi sau ɗaya a gama. Yaɓe na zaizayewa, laso na tsagewa, indararo na toshewa. Ginin ƙasa kamar gona yake, kowace shekara yana da hakkinsa. Shi ya sa a manyan biranen Hausa akwai sarautar Sarkin Magina, kuma sana'ar gado ce, ɗa na koya a bayan uba. Da rani a zagaya gini, a ga inda ya tsage, a ɗinke kafin hadari ya haɗu. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ruwa ma haka.

A Damagaram, kafafen labarai sun ruwaito cewa an ga tsaga a jikin masallacin kafin ya faɗi, amma ruwa bai ba da damar a taɓa ba. A Zariya ma haka aka yi shekara guda kafin nan. Masallacin Juma'a na Zazzau, wanda Babban Gwani Muhammadu Mika'ilu ya gina a shekarun 1830 zamanin Sarki Abdulkarimu, kuma masana ke ɗaukarsa a matsayin ƙololuwar ginin bakan gizo, wani ɓangarensa ya rufta ranar Juma'a 11 ga Agusta 2023 ana cikin sallar la'asar. Aƙalla mutum 7 suka rasu, Allah ya jiƙansu. Sarkin Zazzau da kansa ya bayyana cewa an lura da tsaga kwana ɗaya kafin nan, ana shirin kawo masu gyara. Ba muna ɗora wa kowa laifi ba ne. Abin lura shi ne, tsagar da aka gani a Agusta ko Satumba an riga an makara. Ta Maris da Afrilu ce ake iya ɗinkewa.

A nan za mu ɗan fita waje, mu leƙa wani gari a ƙasar Jamus, domin su ma sun taɓa ganin irin wannan tsaga, kuma abin da suka yi da ita akwai darasi ciki. Waɗanda suka yi kwaleji cikinmu za su tuna mushen tarihi yana ba mu labarin Martin Luther, malamin Kirista da a 1517 ya fito ya ƙalubalanci wasu abubuwa na cocin Katolika, har aka rabu gida biyu. Mabiyansa su ake kira Lutheran, kuma ba nesa suke da mu ba: a Numan ta jihar Adamawa suna da babbar coci tun zuwan wani likita ɗan ƙasar Danmak, Niels Brønnum, a 1913, kuma da yawansu da Hausa suke ibada.

Garin da muke nufi sunansa Ulm, a bakin kogin Danub, inda aka haifi Albert Einstein. A da cocin garin tana wajen ganuwa ne. A 1376 aka yi wa garin ƙawanya da yaƙi, mutane suka kasa fita zuwa ibada. Sai suka yanke shawarar gina sabuwa a tsakiyar birni. Ranar 30 ga Yuni 1377 aka aza harsashi. Ba sarki ne ya gina ba, ba kuma babban limamin ƙasa ba. Mutanen gari ne da kuɗinsu: fatake, masaƙa, maƙera da sauran masu sana'a. Garin bai wuce mutum 10,000 ba a lokacin, amma suka tsara ginin da zai ɗauki wajen 20,000 a tsaye.

Matsalar maginansu iri ɗaya ce da ta namu: yaya za a rufe fili mai faɗi ba tare da rufin ya danne jama'a ba? Su da jan bulo da dutse suka yi, mu da ƙasa da azara, amma dabarar ta yi kama. Suka jera ginshiƙai, suka fitar da bakuna masu tsini a sama suna gitta juna, nauyin rufi na bin bakunan yana sauka kan ginshiƙai. Duk wanda ya san ɗaurin guga, in ya ga hoton cikin wannan coci zai gane abin da ake nufi. Aikin ya bi hannun magina zuriya bayan zuriya, daga gidan Parler zuwa Ulrich von Ensingen, wanda ya tsara doguwar hasumiya, zuwa Matthäus Böblinger.

A 1492 ginin ya nuna alamar gajiya. Nauyin hasumiya ya fi ƙarfin gindinta, duwatsu suka faɗo daga sama. Sai gari ya kira wani gwani daga Augsburg, Burkhard Engelberg. Ya ƙarfafa gindin hasumiyar, ya kuma ƙara layin ginshiƙai a kowane gefe, ya raba faffaɗan rufin gefe gida biyu don nauyi ya ragu. Ginin ya tsira.

Bayan haka aka samu sauyin da ya fi tsaga girma. A 1530 mutanen Ulm suka kaɗa ƙuri'a, mafi rinjaye suka zaɓi barin Katolika su bi sabuwar tafiya, kuma daga baya cocin ta zauna a hannun mabiya Luther har yau. A 1531 aka fitar da gumaka da hotuna masu yawa daga ciki. Amma ba su ce tunda mutanen da muka saɓa da su ne suka gina, bari mu rushe mu yi sabuwa ba. Aƙida ta sauya, bango na nan. Har kujerun katako da Jörg Syrlin ya sassaƙa tsakanin 1469 da 1474 suna nan ana kallo. A 1543 kuɗi suka ƙare, aka tsayar da aiki, hasumiya ta tsaya a wajen mita 100, ta yi shekara 300 a haka. A 1844 aka koma, a 1890 aka gama. Tsawonta mita 161 da rabi, matakala 768, kuma ta yi sama da shekara 130 babu hasumiyar coci da ta kai ta a duniya. A Disamba 1944 jiragen yaƙi suka ragargaza yawancin tsohon garin, ita ta tsira da ɗan rauni.

To ga abin da ya sa muka kawo wannan labari. Tun 1844 har gobe, akwai ma'aikatar magina da masassaƙan dutse da ke kula da wannan coci, ba su da wani aiki sai ita. Kullum akwai gefen da ake gyara. Dutse ma yana ruɓewa, sanyi da ruwa da hayaƙi na cin sa. Su cire wanda ya lalace, su sassaƙa irinsa su mayar, suna yi suna koya wa yara. A 2020 hukumar UNESCO ta sanya irin waɗannan ma'aikatu na Turai cikin kyawawan hanyoyin kare gadon al'umma. Wato abin da Turawa ke samun lambar yabo a kansa, shi ne aikin Sarkin Magina da muka bari ya yi sanyi. Kada wani ya ce ai nasu dutse ne namu ƙasa. Nasu ma da an bar shi shekara 30 ba mai taɓawa, da ya fara zubo wa mutane a ka.

Kuma ba sai mun je Turai ba kafin mu ga hujja. Masallacin Agadas an kafa shi wajen 1515, shekara 2 kafin Luther ya fito. An sake gina hasumiyarsa a 1844, shekarar da mutanen Ulm suka koma kan tasu. Mita 27 ce, ta ƙasa zalla, kuma itatuwan nan da suka fito a jikinta matakan masu yaɓe ne: tun ranar gini aka yi tanadin ranar gyara. A 2013 tsohon garin Agadas ya shiga jerin kayan tarihin duniya. A Katsina ga hasumiyar Gobarau, da ake dangantawa da zamanin Muhammadu Korau a ƙarni na 15, tana tsaye saboda an sha ceto ta da gyara. A Jenne ta ƙasar Mali, masallacin da aka sake ginawa a 1907, kowace shekara gari duka ke fita yaɓe, mata na kawo ruwa, samari na ɗauko kwaɓi, kamar ranar salla. A Wusasa kusa da Zariya akwai cocin Anglika da aka gina a 1929 da ƙasa, da salon ginin Hausa. Sana'ar ba ta tambayar addinin mai ɗaki.

A nan gida Nijar ma, a jihar Tawa, Alhaji Falke Barmu ya gina masallacin Yama da ƙasa tun daga 1962, har ya ci kyautar Aga Khan ta gine-gine a 1986. Ba injiniya ba ne, magini ne manomi. A Dandaji kuma, da jama'a suka buƙaci masallaci mafi girma, ba a rushe tsohon ba. Mariam Kamara 'yar Nijar da abokiyar aikinta Yasaman Esmaili suka tsara sabo da bulon ƙasa da aka matse, tsohon kuma aka gyara shi ya zama ɗakin karatu, aka gama a 2018.

Yanzu mu dawo Matamaye. Mu ba mu da masallaci mai shekara 500. Amma ku bi hanya daga Takeita zuwa nan, ku shiga Kance, ku leƙa ƙauyukanmu. Akwai tsofaffin masallatai da zauruka masu bakan gizo, wasu kakanninmu ne suka ɗauko ƙasarsu a ka. Me muke yi da su? In Allah ya buɗa wa ɗan gari, ko wata ƙungiya ta kawo taimako, abu na farko shi ne a rushe tsohon a kafa na bulo da tol. Niyya mai kyau ce, Allah ya ba da lada. Amma sai ka ga da azahar a watan Mayu an fito da tabarmi waje, saboda ciki ba ya shiguwa don zafi.

Wasu kuma ba su rushewa, sai su lulluɓe bangon ƙasa da siminti su ce an huta da yaɓe. Wannan ya fi haɗari, jama'a. Ƙasa tana shan danshi tana fitarwa, siminti kuma yana kulle shi ciki. Daga waje bango sumul, daga ciki yana narkewa, azara na ruɓewa, ba mai gani sai ranar da ya zo ƙasa. Ga kuma abin da muke yi da hannunmu: a cike titi ya fi gindin bango tudu, a toshe hanyar ruwa da shara da leda, a kafa famfon alwala jikin bango. Ruwan da ke kashe ginin ƙasa sau da yawa ba na sama ba ne, wanda ke kwanciya a gindinsa ne.

Abin da muke roƙo ba ya buƙatar miliyoyin sefa. Kowane kwamitin masallaci ya sa rana ɗaya da rani, kafin watan Mayu, a kira tsohon magini ya zagaya ginin ciki da waje, a hau rufi, a buɗe indararo, a duba azara. A asusun Juma'a a ware wani abu na yaɓe, kamar yadda ake ware na lantarki da tabarmi. In an ga babbar tsaga ko rufi ya lotsa, a fitar da mutane a yi salla a waje, rai ya fi gini. In jama'a sun yi yawa ana son sabo, a gina a gefe a bar tsohon ya zama makarantar allo ko wurin karatu. Mairi da sarakunanmu su taimaka a ƙirga tsofaffin gine-ginen da suka rage, a ɗauki hotonsu, a rubuta wanda ya gina da zamanin wane sarki, tun masu sani suna raye. Tsohon garin Zindar, Birni da fada, yana cikin jerin wuraren da Nijar ta miƙa wa UNESCO tun 2006, amma takarda ba ta toshe tsaga.

Babban abin tsoro ma ba faɗuwar gini ba ne. Gini in ya faɗi ana iya tada shi, muddin akwai mai sanin ɗaure bakan gizo. A unguwarku, mutum nawa suka rage da suka iya? Shekarunsu nawa? Yaro nawa ke bin su? In suka tafi da abin a kansu, ko an kawo mana kuɗin duniya ba mai yi mana.

Don haka muna jiran ku a ƙasan wannan rubutu. Wanda a garinsu akwai tsohon masallaci ko zaure na ƙasa, ya turo mana hoto da sunan garin da abin da ya ji daga manya. Wanda ya san tsohon magini mai wannan sana'a, ya sanar da mu, mu je har gida mu ɗauki muryarsa a sa a rediyo.

Allah ya jiƙan waɗanda ruwa ya yi sanadinsu, ya ba mu damina mai albarka ba mai ɓarna ba. Sai mun ji daga gare ku.